Zoben Baffa da Tozon Kalma

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Mahaifina, wanda duk gidanmu ke kira Baffa, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a asibitin Jahun, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a Aujara. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana koyar da Turanci a makarantun firamare na yankinmu, shi ya sa zaman makokinsa bai yi kama da na sauran dattawan garin ba. Tabarmi sun cika da tsofaffin ɗalibansa, wasu da furfura, wasu da tumbi da motar gwamnati, wasu da kaushin noma a ƙafa. In an shafa fatiha, sai wani ya ƙwanƙwasa gwiwarsa da yatsa ya ce, "Ina tozon?" Sai wurin ya ɗauki dariya, masu dariyar kuma suna goge ido da hannun riga.

Limamin garin, abokin gardamarsa na shekara da shekaru, ya ɗaga hannu zai yi addu'a murya ta ƙi fita, sai na'ibinsa ne ya ƙarasa. A cikin gida Goggo, yayarsa wadda ta riƙe ni, ba ta yi kuka ba, faɗa take ta yi da mamacin. "Ni ce babba, ni ya kamata ya binne. Amma shi komai sai ya nuna ya fi kowa sani, har hanyar lahira." Inna kuwa tana ƙuryar ɗaki da tsohon rediyonsa a kan cinya, ba ta kunna ba, ba ta kuma yarda an karɓa ba.

Duk wanda ya zo gabana abu ɗaya yake faɗa. "Kai ne mai karanta labaran Turanci a Dutse? Ai Malam bai mutu ba, kai ka gaje shi." Ina amsawa da Allah Ya ba da lada. A duk taron nan, in ban da Liman da Goggo da Inna, babu wanda ya san cewa shekara biyun ƙarshe na rayuwarsa Baffa bai ce mini uffan ba, kuma ni na rufe masa baki da bakina. Lokacin da aka jera sahu aka ce jama'a su yafe wa mamaci, abin da raina ya so shi ne in yaye likkafanin in roƙe shi ya yafe mini. Har yau ban san ko ya yafe ba. Wannan ne ya hana ni sukuni, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami, don kada a manta da shi, kada kuma a ci gaba da yabona da abin da ban cancanta ba.

Ni ne ɗan farinsa. Mu Fulani ne gaba da baya, ko da yake shanun sun ragu, Fulatancin ma sai in Goggo za ta zagi mutum yake fitowa. Amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin Goggo. A bakin Baffa sunana "wancan" ko "yaron Adda", don Adda yake kiran Goggo. In zai aike ni, bango yake kallo ya ce, "A ce wani ya kawo buta." Ni ne wanin, sai in tashi in kawo. Ban taɓa ɗaukar haka a matsayin ƙiyayya ba, don haka na ga ana yi a kowane gida na danginmu. Sai dai yaro yaro ne, in na ga ƙanena a kan cinyarsa yana jan gemunsa, nakan koma bayan rumbu in yi ta haƙa ƙasa da tsinke.

Da na shiga aji biyar sai na faɗa ajinsa. Ranar farko yana kiran suna, da ya zo kan nawa ya tsallake, ya dai yi alama a rajista ya wuce. Amma ana fara darasi ya nuna ni da alli, ya dube ni ido cikin ido, ya yi mini tambaya da Turanci. Wannan ne karo na farko da na ga launin idon ubana sosai. Na kasa amsawa, ba don ban sani ba. Da labari ya kai wa Goggo ta tare shi a zaure ta ce, "Boko ya cinye maka kunya ke nan? Ɗan farinka kake zare wa ido a gaban jama'a?" Ya ce, "Adda, Turanci ba shi da kunya. Kuma ba ni na yi magana ba, malamin aji ne." Daga ranar muka sami ƙofa, ni da shi. Da Hausa ni wancan ne, da Turanci kuwa yakan tsayar da ni ko a hanyar masallaci ya sa in maimaita kalma sau biyar.

Abin da ya fi damunsa a Turanci shi ne inda ake danna murya a cikin kalma. Yakan ce kowace kalmar Turanci sa ce, tana da tozo guda ɗaya, gaɓar da ta fi sauran tashi. "In ka ɗora tozon a wuya ko a wutsiya, wannan ba sa ba ne, wata dabba ce da ban san ta ba." Yana da zoben azurfa a hannun dama. Da shi yake buga tebur, gaɓa-gaɓa, a hankali a hankali, sai in ya zo kan tozon ya buga da ƙarfi har alli ya yi tsalle. Kalanda, tozonta a ka. Madam, tozonta a ka, ko da duk matan ofis na ƙasar nan za su yi fushi. Kwamiti kuwa a tsakiyar baya, inda Allah Ya ajiye wa sa nasa. Wanda ya kuskure ba ya shan bulala, tambaya ɗaya ce, "Ina tozon?" Amma da yawa sun ce gara bulalar.

Bai bar wannan hali a aji ba. Yakan gyara wa rediyo magana yana cin tuwo. An taɓa yin taron rabon kyaututtuka, wani babban jami'i daga Kano yana jawabi, sai aka ji ƙwas, ƙwas daga layin malamai, hedimasta ya yi ta zungurinsa da gwiwar hannu. Da Liman kuwa kullum bayan la'asar sai sun taɓa. Liman ya ce, "Malam, harshen Nasara ne fa, ko ka murɗe masa wuya ba za a tambaye ka a kabari ba." Baffa ya ce, "Kai da kake tsayar da ladani a kan madda guda? Harshen mutane saniyar aro ce. In ka aro, ka mayar da ita da ƙafafunta huɗu." Liman ya ce, "To ai saniyar aro in ta haihu a garkenka, maruƙan naka ne." Baffa ya juya zobensa, sannan ya ce, "Maruƙan ma da tozo ake haifarsu." Haka suke rabuwa kullum, ba wanda ya kayar da wani, gobe kuma a dawo.

Da wannan zoben ya yi abin alherin da aka fi tunawa da shi. Akwai wani ɗan makiyaya mai in'ina sosai, wanda yara suka tsokana har ya daina magana gaba ɗaya. Baffa ya riƙa zaunar da shi bayan an tashi, yana buga masa tebur, shi kuma yana bin bugun gaɓa ɗaya bayan ɗaya, da Hausa da Turanci har da Fatiha. Shekara guda suna haka. Mutumin nan ya zo ta'aziyya, yanzu dillalin shanu ne a kasuwar Jahun, bakinsa kamar reza. Ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Duk kalmar da na ci abinci da ita, Malam ne ya ba ni," sai in'inar da ta bar shi shekara talatin ta dawo, ya kasa ƙarasawa.

Da aka ƙirƙiro jiha aka mai da Dutse babban birni, na sami aiki a gidan rediyo, na kama haya a unguwar Limawa. Ranar da na fara karanta labaran Turanci an ce Baffa ya fito da rediyonsa ƙofar gida, ya ƙure muryar rediyon. Bayan kwana uku wani direban motar haya mai zuwa Jahun ya kawo mini takarda a ninke. Babu gaisuwa, babu suna, babu sa hannu. Kalmomi huɗu ne da rubutunsa mai kyau, kowace da ɗigon jan biro a kan gaɓar da na kuskure. Daga nan kusan kowane mako sai direban ya leƙo ya ce, "Saƙon Malam." Waɗannan su ne kaɗai wasiƙun da ubana ya taɓa rubuta mini, kuma na san hakan tun a lokacin.

Sai dai a wurin aiki furucin Baffa ya zame mini abin dariya. Suka sa mini suna Baturen Aujara. In na shigo sai wani ya toshe hanci ya kwaikwayi muryata. Na jure shekaru. Abin ya ƙazanta ne a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, don a lokacin labarai ba su da wata kalma sai kwamiti. Kwamitin malamai, kwamitin wayar da kai, kwamitin duba wancan kwamitin. A labarai guda sai in faɗe ta sau goma, kowane karo da tozonta a tsakiya. Shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya ce, "Malam, kowa a ƙasar nan, daga kwamishina har masinja, a ƙarshe yake danna kalmar nan. 'Yan kwamitin da kansu haka suke kiran kansu. An fara cewa gyara wa manya baki kake yi a rediyon gwamnati. Mutanen Jigawa kake yi wa karatu ko mutanen Ingila?" Gaskiya maganarsa ta shige ni, don na gaji da zama saniyar ware. Washegari na mayar da tozon wutsiya.

Takardar Baffa ta zo da kalma ɗaya tak. Mako na gaba ma ita ce, ɗigon ya ƙara girma. Na uku biron har ya huda takardar. Na daina buɗewa, ina karɓa in jefa a aljihun tebur.

Ana cikin haka matata ta haihu, aka yi suna a Limawa. Baffa ya zo da Liman da dattawan Aujara, abokan aikina ma suka cika rumfa. Bayan an raɗa suna an raba goro, hira ta ɓarke, shugabanmu ya tambaye ni wani abu game da aiki da Turanci, ni ma na amsa da Turanci, kalmar nan ta fito daga bakina yadda na koma faɗarta. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan farantin goro, na tsakiyar da ƙarfi har goro biyu suka gangaro tabarma. Baffa ya dube ni ya ce da Turanci, "Maimaita." Ina da shekara talatin da uku, ina da 'ya'ya biyu, ranar sunan ɗana ce. Abokan aikina suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Da Hausa ce da ko za a yanka ni ba zan iya ɗaga ido in dube shi ba. Amma shi ya koya mini cewa Turanci ba shi da kunya, kuma da Turancin na amsa. Na ce masa Turawan da suka koya masa sun tafi tun ban zo duniya ba, Turancin ƙasar nan namu ne yanzu, yadda muka ga dama haka za mu faɗe shi. Na ce na gaji. Na ce ya bar ni haka nan. Duk kalmomin da na yi amfani da su, tozonsu na wurin da ya koya mini, ko ɗaya ban kuskure ba.

Dattawan Aujara ba su ji abin da na ce ba, sun ɗauka hirar 'yan boko ce. Baffa ya tsince goron nan biyu ya mayar faranti. Ya ce, "To." Da Hausa ya faɗe ta, kuma bango ya kalla.

Mako ya zagayo direba bai zo ba. Na ce madalla, na huta. Wata guda, wata biyu. Ran nan na gan shi a tasha na tambaye shi ko akwai saƙo, ya ce, "Ni ma na yi mamaki, ko jiya na wuce Malam a ƙofar gida, hannu kawai ya ɗaga mini." A nan ne tsoro ya fara shigata.

Na tafi Aujara. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe, kamar yadda ya saba tun ina yaro. Matsalar ke nan, a idon kowa babu abin da ya canza. Uba ba ya magana da ɗan farinsa, to mene ne sabo a ciki? Wa zan kai wa ƙara, in ce masa me? Na tattara ƙarfin hali na ce masa da Turanci na yi kuskure, ya yi haƙuri. Ya juya wajen Inna ya ce, "Ki ce wa wancan rana na yi, kada ya rasa mota." Na je na faɗa wa Goggo komai ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ta ɗauki mayafi ta same shi, ta dawo ta ce, "Ya ce me ka yi masa? Ya ce shi bai san da wani laifi ba." Na roƙi Liman. Liman ya ce, "Ɗana, na yi masa magana. Ya ce ai ni na ci gardama, maruƙan naku ne. Ban taɓa cin gardamar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba."

Na mayar da tozon kwamiti tsakiya, na bar shugabanmu ya yi ta huci. Shiru. Sai na shiga abin da ko mahaukaci ba zai yi ba, na fara ɓata kalmomi da gangan a cikin labarai. Na ɗauki waɗanda ya koya mini tun aji biyar, waɗanda ko cikin barci ba zan kuskure ba, ina murɗe musu wuya ɗaya bayan ɗaya, jiha guda tana saurare. Na ce ai ba zai iya jurewa ba, mutumin da ya gyara wa babban jami'i baki a bainar jama'a. Kowace safiya sai na bi ta tasha kafin in je aiki. Abin da na samu shi ne takardar gargaɗi, aka kuma cire ni daga labaran Turanci na wata uku. Matata ta ce ko a nema mini addu'a. Daga Aujara ko ɗigo bai zo ba.

Saƙon da direban ya kawo mini a ƙarshe da baki ne. Ya same ni a ƙofar gidan rediyo ya cire hula ya ce in zo mu tafi, jikin Malam ya tashi tun asuba, hawan jini ne. Muna isa Jahun na ga ƙanena a bakin asibiti yana naɗe tabarma, a nan na gane Baffa ya cika.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na shiga wurin Inna. Ita ma kunyar ɗan fari ta hana mu sabawa, amma ranar na zauna dab da ita na ce, "Inna, don girman Allah, ya taɓa cewa ya yafe mini?" Ta daɗe tana shafa rediyon nan. A saman rediyon akwai wani wuri da fenti ya goge har ƙarfe ya fito, daidai faɗin zobe.

Ta ce, "Bai taɓa cewa ka yi masa laifi ba, ta yaya zan ce ya ce ya yafe? Abin da na gani shi zan faɗa maka. Ko sau ɗaya labaranka ba su wuce shi ba. Wata ukun da aka cire ka, kullum sai ya kunna ya ji ba kai ba ne, ya kashe, abincin ma sai na yi da gaske. Lokacin da kake ta ɓata karatun nan kuwa, ni ban san Turanci ba, amma a hannunsa nake ganewa. Sai ya ɗaga yatsan zai buga, ya tsaya a sama. Sai ya sa hannun a ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Na ce, Malam, ka rubuta masa mana, ga direba can. Ya ce, a'a, ya ce in bar shi. Babban mutum ne yanzu, in ya ce a bar shi sai a bar shi."

Ashe duk kiran da nake yi yana ji. Na ɗauka fushi yake yi da ni, shi kuwa maganata yake girmamawa, irin girmamawar da ni na kasa yi masa. Da na sani da ban tsaya aike da zagaye-zagaye ba. Da na kama ƙafarsa a gaban kowa, na karya kunyar nan da Hausa tsantsa na ce, Baffa, ni ne ɗanka, ka gyara mini. Shekara biyu ina da dama, mota tana zuwa Aujara kullum.

Inna ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini zoben. Bai shiga yatsana ba, ya yi mini kaɗan, yana cikin aljihun rigata. Har yanzu ina karanta labarai. In na zo kan kwamiti ina sa tozon a tsakiya, yaran da aka ɗauka aiki kwanan nan suna murmushi a bayan gilashi, ban damu ba. Wanda ya fi gaskiya tsakanin Baffa da Liman kuwa, ni yanzu ban sani ba, ban kuma ƙara shiga gardamar ba. Mai kula da na'ura ya taɓa tambayata me ya sa nake ɗan tsayawa bayan kalmar nan kafin in ci gaba. Na ce masa numfashi nake ja.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da alheri a kan kowane bakin da ya buɗe. Wanda ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a, ya taimaka ya sa ni a ciki. Abin da nake roƙo guda ɗaya ne: ranar da Allah Ya haɗa mu, kada ya kalli bango. Ya ɗaga hannun nan ya buga, ko da a tsakiyar kaina ne, ya ce in maimaita.